Danjar Motar Dogo

"Taka birki!" in ji Malam Ɗahiru daga ƙofar gidansa.

Dogo ya taka. Motarsa, tsohuwar Fijo mai rumfar tamfol a baya, tana tsaye gindin tsamiyar da ke ƙarshen layi. Nan tsohon ke tura kowace mota in ya gama gyara mata danja, wato jar wutar baya. In ya hango ta daga kan tabarmarsa bayan magariba, aiki ya yi. In bai hango ba, ko direba zai yi kuka, sai an sake kwancewa.

"Ka taka kuwa?"

"Na taka, Baba, har ƙahwata ta gaji."

"To ba ta yi ba. Dawo."

Wannan ne karo na uku a mako guda. Dogo ya juyo da motar ransa a jagule, don kowa a layin ya ga wutar, har Barira mai ƙosai ta ce ta fi ta murhunta ja. Shekara ashirin suna katanga ɗaya da Malam Ɗahiru a Birnin Ƙonni, kuma tsohon ne ya samar masa motar nan. Ta wane baki zai fara gaya masa cewa yanar ido ce ta rufe masa gani, ba wutar ce ke da laifi ba?

Duk tasha an san hannun Malam Ɗahiru. Danjar tsohuwar mota dushewa take yi, rana ta cinye jan gilashin, tsatsa ta cinye kwanon da ke bayan ƙwan fitilar. Shi sai ya wanke gilashin da omo, ya kankare wayar mas, wadda ke haɗe da jikin mota, har ƙarfe ya yi fari, sannan ya shimfiɗa takardar azurfa ta cikin kwalin sigari a kwanon, ya lallashe ta da farce. Bai taɓa shan taba ba, amma ya fi mashaya sanin inda ake yar da kwali. Direbobi na yi masa tsiya da haka, shi kuwa ko a jikinsa, don ba da wasa ya shiga sana'ar ba. A shekarar tamanin da huɗu motar da ɗansa Rabilu ke ciki ta mace a hanyar Tsarnawa da almuru, wata babbar motar albasa ta zo ta baya ba ta gan ta ba. Yanzu 'yarsa A'i kaɗai ta rage masa, ita kuma duk ranar kasuwar Dogarawa a bayan motar Dogo take zama da kwandunanta, ba sa dawowa sai duhu ya fara.

Damina ta bana ta zo masa da ciwon zuciya. Ƙafafunsa sun kumbura, daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta sau biyu. Dogo ya kai shi asibiti aka rubuta magani, aka ce ya bar aiki. Ya bar na kowa, ban da na motar da ke ɗaukar 'yarsa.

Washegarin wannan karo na uku, Dogo ya yi dabara. Da aka ce ya tafi tsamiya, sai ya tsaya rabin hanya, daidai shagon tela, ya taka birki da ƙarfi.

"Dogo, zo nan."

Ya zo ya durƙusa.

"Injin wagga mota ni na san shi tun kana yaron mota. Ga shagon Inusa ka tsaya. Ni ka iya ruɗi na, amma mai babbar mota da ya taho da gudu, shi ma rabin hanya za ka tsaya mishi?"

Kunya ta kama Dogo har ya rasa inda zai sa idonsa. Tsohon bai ƙara faɗa ba. Ya ce a kwance danjojin biyu a bar masa su kwana biyu, Dogo ya yi aikin rana kawai.

"Baba, likita ya ce ka huta."

"Likita ba shi da ɗiya bayan motarka."

Kwana biyun nan, duk lokacin da Dogo ya leƙa, sai ya same shi jingine da bango, kwanon fitila a cinya, yana aiki da laluben yatsu. Tsohon ya aiki A'i neman kwalin sigari, ta dawo da guda biyu da ruwan sama ya jiƙa. Ya ce ta bar shi, zai san yadda ya yi.

Ran Laraba aka mayar da danjojin. Dogo da A'i suka tallabo shi zuwa ƙofa, suka sa masa matashi. A wannan karon Dogo ya kai motar har gindin tsamiya, ya taka birki, ya riƙe. Ta madubi ya ga jan haske ya kwanta a jikin katangar masallaci, abin da bai taɓa gani ba tun da ya fara tuƙa motar. Ya jira a kira shi, ba a kira ba. Da ya gaji ya sauko ya tako da ƙafa.

"A'i, mi kika gani?" tsohon ke tambaya.

"Baba, kamar garwashi. Ko daga bakin kasuwa ana ganin ta."

"Kin rantse?"

"Wallahi, Baba."

Ya daɗe fuskarsa na kallon wajen tsamiya. Sannan ya ce a hankali, "Ashe ba motar ba ce." Ya laluba ya kama hannun Dogo. "Ka yahe mini wahalar da na ba ka. Ku tahi kasuwarku."

Dogo ya riƙe hannun da hannu biyu. Tausayin tsohon ya cika shi, da haushin kansa na makon da ya yi yana ƙunƙuni.

Malam Ɗahiru ya rasu ran Asabar da hantsi, A'i na dama masa kunu. Direbobin tasha suka ajiye motocinsu suka bi gawa da ƙafa, har waɗanda suka fi kowa yi masa tsiya.

Bayan sadakar uku, A'i ta aiko a kira Dogo. Ta fito zaure da wani gwangwanin tumatir, ta miƙa masa. A ciki akwai wani farin abu da ya narke ya dunƙule.

"Ƙarƙashin tabarmarshi na ishe shi. Maganinshi ne, na wata guda. Ya ɓare su duka ya zuba nan, raɓa ta shiga. Kullum na tambaya sai ya ce mini ya sha."

"Mi ya sa zai ɓare su?"

"Shi na kasa ganewa. Ko takardunsu ban gani ba."

Dogo ya tsaya da gwangwanin a hannu. Can ya ajiye shi a dakali, ya fita wajen motar, ya ɗauko turnabis ya kwance kusoshi huɗun da ke riƙe da jan gilashin hagu. Kwanon a lulluɓe yake da ƙananan takardun azurfa irin waɗanda ake naɗe ƙwayar magani a ciki, an jera su ɗaya bisa gefen ɗaya kamar ɓawon kifi, kowace an goge ta da farce har ta kwanta sumul. A gefe guda, inda idon mai aikin bai nuna masa ba, ɗaya ta juya baya, sunan maganin na rubuce da shuɗin tawada.

Ya kai yatsa zai gyara ta, sai ya fasa. Ya zauna a ƙasa bayan motar, jan gilashin a kan gwiwarsa, kusoshi huɗun a tafin hannunsa.