Shayin Saikal da Yaƙin Talas

Asanbek ya ce tun da aka kafa duniya ba a yi gumurzu irin muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ta jiya a talabijin ba, in aka cire yaƙin Talas da aka yi da Sinawa a zamanin da, kuma duk ƙauyen shi kaɗai ya gane kan duka biyun. Ya yi soja zamanin Sobiyet. A ɗakin girki.

Wayar na jingine da kwanon sukari, fuskar ɗansa Tilek a ciki, da hular masu gini a ka. Ran Lahadi kawai Tilek ke kira daga Mosko, lokacin hutun cin abinci. Matar Tilek, Saikal, na durƙushe a bakin shimfiɗar abinci tana zuba shayi. Tun girbin waken bara rabonta da shi. Yau ta ɗaura ɗankwalin da ya aiko mata don ya gani, amma daga inda take kunnensa kawai take hangowa. Ya rame, har a kunnen.

"Ɗan takararmu ya ƙyale su suka shigo tsakiya," in ji Asanbek, yana jera gutsattsarin burodi. "Ga Sinawa. Ga kogi. Sai ya ɓullo musu ta baya da maganar fansho, kamar mahayan ƙabilar Karluk a Talas!"

"To, Ata," in ji Tilek, yadda yake kiran mahaifinsa. "Saikal tana..."

"Tana nan, ina za ta? Saurara mana. Tambaya ta biyu kuma yaƙin Stalingrad ce."

Matar ɗa ba ta katse uban miji, ko sunansa ma ba ta kamawa. A bayan Tilek wani ya fara ƙwala wa ma'aikata kira da Rashanci.

Saikal ta karɓi kofin surukinta. Rabin kofi ake zuba wa wanda ake son zamansa; cikakken kofi sallama ce. Ta cika shi fal, har yana tumbatsa, ta miƙa da hannu biyu, kai a sunkuye, da cikakken ladabi.

Asanbek bai lura ba, yana tsaka da kewaye abokan gaba da cokali. Uwar mijinta Burul ce ta dubi kofin, ta dubi ɗankwalin. Ta miƙa hannu ta zare wayar daga fagen fama, ta sa wa Saikal a cinya.

"Je ki duba tukunya, 'yata. Wadda ke ɗakinku."

Kafin Saikal ta kai ƙofa muryar Tilek ta fito daga tafin hannunta, ƙasa-ƙasa: "Ashe ɗankwalin ya iso. Ɗaga in gan ki."

"Ke tsohuwa!" Asanbek ya yunƙura. "Ko Berlin ban kai ba!"

"Wace Berlin, tsoho? Jiya tun la'asar aka ɗauke wuta, sai da asuba aka kawo. Da tocila na ba ka maganin hawan jininka."