Hannun Riga a Naɗe

A shagon zane na Aniello da ke birnin Napoli, duk hoton da zai fita sunan maigida yake ɗauka, ko da kyanwa ce ta zana shi. Ƙanwarsa Porzia, wadda ita ma ke zane a shagon, ta yi shekaru tana haɗiye wannan. Amma a kan wannan hoton ta rantse sai an ga sunanta.

Hoton bazawarar nan ce ta littafin addininsu, wadda ta shiga tantin sarkin yaƙin da ya yi wa garinsu ƙawanya ta yanke masa kai. Sauran masu zane kan yi mata hannu laƙai-laƙai kamar mai riƙe da mafici. Porzia kuwa ta ba ta damtse, ta naɗe mata hannun riga, ta sa ta danne ƙaton da gwiwa.

Ranar da Donna Violante, wadda ta sa a yi hoton, ta zo dubawa, Aniello ya ci ado yana ta zuba.

"Maestro, me ya sa ta naɗe hannun riga?" in ji ta, tana kiransa da laƙabin gwanayen zane.

"Don a ga kyan fata, ranki ya daɗe. Kin san mu maza."

Porzia na gefe tana niƙa launi. Maganar ta ƙona mata rai.

"Haba Yaya, ji tsoron Allah! Ta gaban masu gadi za ta fita in ta gama. Ɗigon jini ɗaya a alharinin nan, kashinta ya bushe. Ni na zana ta, na san abin da ya kai ta."

"Koma kan niƙanki," Aniello ya ce ƙasa-ƙasa. "Kika ƙara, ki nemi wurin kwana."

Donna Violante ta gyara mayafi. "Ba ruwana da rigimar gidanku. A sa suna, a kai min."

Porzia na jin tsoro, ba ta da inda za ta. Duk da haka ta ɗauki siririn burushi, ta tsoma a jan launi, ta rubuta sunanta a kan ruwan takobin da ke hannun bazawarar.

Aniello ya zari tsumma.

"Goge mana, Yaya. Takobin bai bushe ba. In ya ɓaci, sai ka sake zana shi a gabanta."

Ya dubi takobin, ya dubi baƙuwar da ta zuba masa ido. Ya sauke tsumman.

Porzia ta wanke burushinta tas, sannan ta shiga ciki ɗaure kayanta.