Sunan Da Yaya Ya Sa Mini

Inna ce ta aike ni in ɗauko 'yar Yayana. Ta miƙo mini jaka ta ce, "Je ki kawo mini takwarata da kayanta. Uwa kurma, uba kurma, wa zai koya mata magana? Bango?"

Ban musa ba, don ni ma haka nake gani. Yayana kurma ne tun haihuwa, kuma a gidanmu matsayinsa bai wuce na mai ɗaukar buhu da canza ƙwan lantarki ba. In ana hira sai ya zauna gefe yana murmushi, in an yi dariya shi ma ya yi, bai san me aka ce ba. Yaran layi su bi shi da tsokana, manya su daka masa tsawa a kunne wai ko zai ji. Shi dai gyaɗa kai. Na ɗauka iyakarsa ke nan, bawan Allah mai haƙuri wanda ba komai a ransa.

Ban same su a gida ba. Maƙwabciyarsu ta ce in duba shagon wanki da guga inda yake aiki. Ranar hutu ce, ƙofar gaba a kulle, sai na bi ta lungu zuwa filin baya da suke shanya.

Nan na tsaya cak. Filin cike yake da mutane, maza da mata, wani da baƙin mai a riga, wata da zaren ɗinki maƙale a mayafi, suna zaune kan benci da bokitan da aka kife. Kurame ne, da hannu suke hira; ba mai magana da baki, amma wurin ba shiru. Tafin hannu na bugun ƙirji, ƙafa na dukan ƙasa, dariya na fashewa ba a shirya ba. A tsakiya, gaban zannuwan gadon da aka shanya, Yaya ne a tsaye.

Wallahi ban taɓa ganin wannan mutumin ba. Ya kumbura kumatu, ya turo ciki gaba, ya zama wani mai tumbi da ke zazzaga masifa. Ya juya gefe ya koma kansa, ya sunkuyar da kai, ya yi murmushin nan da na sani tun ina yarinya. Sai ya kalli jama'a ya kanne ido ɗaya, wurin ya kece da dariya. Ashe murmushin nan riga ce yake sawa in zai shigo cikinmu. Daga nan yatsunsa suka zama ruwan sama, suka zama iska mai kwashe shanya, har na ɗaga kai na duba sama. Ni da nake taƙama da baki a gidanmu, na tsaya ban san ko kalma ɗaya ba.

"Gwaggo!" Yarinyar ce ta zame daga cinyar uwarta ta rungume ni. "Baba yana ba da labarin mutumin da iska ta kai wandonsa kan rufi. Kin zo a makare, wurin daɗin ya wuce."

Bakin da Inna ke tsoron ba zai buɗe ba, ga shi yana zuba kamar rediyo, hannuwanta kuma suna tafiya tare da shi.

Sai Yaya ya hango ni. Ya kalli fuskata, ya kalli jakar da ba komai a cikinta. Ya gane. A gabana kafaɗunsa suka sauka, murmushin gida ya dawo masa, kuma ban taɓa jin abin da ya sosa mini rai kamar wannan ba. Matarsa ta miƙe a hankali ta jawo 'yarta jikinta.

Duk da haka ya juya ga jama'arsa ya nuna ni. Ya sa hannun dama ya kama tsintsiyar hannunsa na hagu, ya fizga baya. Nan take wurin ya motsa. Kowa ya kama tsintsiyar hannunsa ya fizga, suna kallona, suna gyaɗa kai kamar an kawo musu babbar baƙuwa. Wata tsohuwa ta share mini benci da gefen zanenta.

"Me suke cewa?" na tambayi yarinyar.

"Sunanki ne, Gwaggo. Kowa ya san ki. Ba ke ce kika fizgo Baba daga gaban mota ba, kina ƙarama, bai ji ta taho ba? Kullum sai sun ce ya sake ba da labarin."

Ni na manta da wannan rana ƙaf. Shi kuwa duk shekarun nan da ita yake kirana.

Yaya ya matso, ya yi alama a gajarce, idonsa na kan jakar.

"Wai jakar ta mece ce?" in ji yarinyar.

Na ninke jakar, na shimfiɗa a kan benci, na zauna a kai. Faɗan Inna yana jirana, na sani, amma in za ta yi, sai dai ta zo nan ta yi shi.

Na ce wa yarinyar, "Nuna mini yadda ake cewa ya ci gaba da labarin."

Ta nuna. Na gwada, na kwaɓa, har tsohuwar nan ta rufe baki da mayafi. Yaya ya daɗe yana kallona. Sannan ya durƙusa, ya kama tsintsiyar hannuna, ya gyara mini yatsu ɗaya bayan ɗaya.