Dogon Maɓallin Baba

A gidansu Injiniya ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa riƙe sifana ba. Aikinta rubuta manhaja ne a wani ofis da ke hawa na uku, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigar da ruwa cikin bokiti kusa da teburinta. Tun safe har yamma tana koya wa kwamfuta karanta fayilolin XML, irin waɗanda kowace magana ke zaune tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa. Abin da aka fi yi a wannan sana'a shi ne shara: sararin da ya yi yawa tsakanin kalmomi a matse shi, layin da babu rubutu a zubar. Ta yi ta yi har hannunta ya daina neman shawararta.

Babanta tela ne, mutum mai surutun tsiya, wanda zai auna ka wando ya ba ka tarihin kakanka kyauta. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta tafi da bakin da hannun dama. Injiniya ce ta ɗauki wata tsohuwar kwamfutar hannu ta rubuta masa 'yar manhaja mai manyan maɓallai, yana dannawa da hagu saƙo ya faɗo wayarta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka kowane saƙo da "Uwata" yake farawa. Amma hannun na rawa. Kalma ɗaya a nan, ta biyu can ƙasa bayan layuka a banza, abin ba kyan gani.

A mako guda ta yi abubuwa biyu. Mama ta roƙe ta ta dawo gida da zama, ta ce ba za ta iya ba, hanya ta yi nisa da ofis, kuma ta faɗa da ƙarfi a falo alhali ƙofar ɗakin Baba a buɗe take. Sannan ta zauna ta gyara manhajar, ta sa ta share sarari kamar yadda take yi a wurin aiki, don saƙonnin su fito tsaf.

Sun fito tsaf na ɗan lokaci, suna gajarta, sai suka ɗauke. Ta rubuta, "Baba, ina kwana?" Shiru. Ta sake washegari. Shiru. Ta san ya ji maganar falo, ta kuma san zuciyarsa: mutumin da ya taɓa daina gaisawa da mai sayar masa da zare saboda kalma ɗaya. Kunya da gajiya suka haɗu suka yi mata yawa, ita ma ta daina rubutawa. Asabar, ranar da takan je gida, ta zo ta ce aiki, wata ta zo ta ce mura. A cikin motar haya takan buɗe wayar ta kalli saƙonsa na ƙarshe, ta mayar jaka. Tsoronta ɗaya ne, kada ya tafi yana fushi da ita.

Ranar da ta je, don Mama ta ce a waya ya rage cin abinci ne.

"Sai yau?" in ji Mama, tana matse tsumma a baranda. "Shiga mana, ba cizo yake yi ba."

Ɗakin na warin man zafi. An lulluɓe keken ɗinkin da zani, an jera magunguna a kansa. Baba na jingine da matasai, ya rame, kwamfutar na kan cinyarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dube ta da idon da yake duban wanda ya ɓata masa yadi, sannan ya mayar da kai ga allon. Babban yatsansa na hagu ya ja jiki da ƙyar, ya wuce haruffan duka, ya sauka kan dogon maɓallin ƙasa, mai barin sarari. Ya danna. Ya danna na sauka layi. Ya danna na aikawa. Ya ɗago yana kallon jakarta.

Wayar ba ta yi motsi ba.

"Kullum haka yake yi," in ji Mama daga bakin ƙofa. "Hannun ya ƙara nauyi, ƙananan maɓallan nan sun fi ƙarfinsa, sai manyan. Ya danna ya zauna yana jira. Na ce masa kina da aiki."

"Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In gaya miki me? Ke kika haɗa abin. Na ɗauka kina gani."

Injiniya ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar gadon, ta ciro wayarta da kwamfutar ofis daga jaka. Ba ta sha wahalar nema ba, ta san inda ta yi ɓarnar. Saƙon da babu komai cikinsa sai sarari, manhajar na share shi tas, ta ga fanko, ta jefar gefe ba ta aika ba. Umarni ɗaya ta ƙara, cewa a bar sarari yadda aka same shi. Gyaran bai kai tsawon shan kofin ruwa ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Wayar ta fara rawa a kan tabarma, ta ƙi tsayawa. Ashe duk abin da ya aiko yana nan a ajiye yadda ya danna shi, yana shigowa ɗaya bayan ɗaya, fararen akwatuna babu ko harafi. Na farkon sirara ne, layi guda. Tana jan allon suna ƙara tsawo, har ta kai waɗanda suka cika fuskar wayar daga sama har ƙasa, na kwanakin da ta daina rubutawa. Da hannun da ba ya iya riƙe cokali ya yi ta danna maɓallin nan. Na baya-bayan nan kuma sun koma sirara.

Ta so ta ba shi haƙuri, ta yi bayanin yadda abin ya faru, amma bayanin ya yi mata nauyi a baki, kuma Baba bai taɓa karɓar uzurin mai aiki ba. Ta share ido da bakin mayafi. Ta danna dogon maɓallin wayarta sau ɗaya, ta aika.

Kwamfutar ta yi ƙara a cinyarsa. Ya daɗe yana kallon farin akwatin. Mama ta shigo da kwanon abincin da ya ƙi ci da rana, ta tsaya riƙe da shi. Yatsan ya sake jan jiki zuwa ƙasan allon, a hankali, yana hutawa a hanya.

Wayar ta motsa a hannunta.