Kwanon Yaya Zayyanu

Yayana Zayyanu ba ya tsoron wuƙa, wannan kam na shaide shi. Ranar da likita a Abuja ya zana masa hoton tumbinsa a takarda, ya nuna masa inda za a yanke a rage, ko gezau bai yi ba. Har tambaya yake ko za a bari ya ga abin da aka cire. Sai da likitan ya juya takardar ya fara karanto abin da zai bari na sati uku kafin aikin: tuwo, shinkafa, masa, fura, burodi, taliya. Matarsa Huseina, wadda ta raka shi, ta ce min a nan ne gumi ya karyo masa, ya ce a buɗe taga.

Shekararsa arba'in da bakwai, nauyinsa kilo ɗari da arba'in da takwas. Yana da ciwon sukari, ga wani gyambo a ƙafar hagu da ya yi wata bakwai bai warke ba. Mahaifinmu ma da irin wannan gyambon ya fara, aka yanke masa ƙafar daga gwiwa, bai ƙara shekara biyu a duniya ba. Likitan bai ɓoye wa Zayyanu komai ba. Ya ce hantarsa ta kumbura da kitse har ta rufe inda za a yi aikin, in bai bar waɗannan abubuwan ta saɓe ba, ba za a taɓa shi ba. Mai yin aikin kuwa sau biyu yake zuwa a shekara, ƙafar kuma ba za ta jira wata shida ba.

Mutum mai hankali da ya ji wannan sai ya dawo gida ya rungumi romon kifinsa da dafaffen ƙwai da ganye. Yayana yana dawowa Gwandu sai ga shi da sabon tsoron Allah. Ya tara mu ya ce wanda za a kwantar a gusar masa da hankali bai san ko zai farka ba, don haka zai zagaya dangi gida-gida ya nemi gafara, kamar yadda mai tafiya aikin Hajji yake yi. Aka yi ta sa masa albarka, wata ƙanwar mahaifiyarmu har da share hawaye.

Ni dai na karɓi takardar da ya jera sunayen gidajen na duba. Na ga Malisa, gidan da ake toya masa mai laushi. Na ga Maruda, gidan Inna Fatsuma matar kawunmu, mai damun fura. Na ga gidan abokinsa da matarsa ta iya dambun shinkafa. Na nemi sunan Kabiru, ɗan baffanmu da suka yi shekara huɗu ba sa ga maciji saboda iyakar gona, ban gani ba. Da ma an san matar Kabiru ko ruwan zafi ta dafa sai ya ƙone.

Na ce, "Yaya, wanga neman gahwara na ko neman tuwo?"

Ya ce, "Larai, ki ji tsoron Allah. Mutum shina batun lahira kina batun tuwo."

Sati guda ya yi yana fita neman lahirarsa shi kaɗai, yana dawowa yana nishi, ya ce wa Huseina ba ya jin cin komai, azumin likita ya kashe masa baki. Rana ta bakwai ta ga man gyaɗa a gaban babbar rigarsa, ta sa hannu a aljihu ta ciro masa biyu a leda. Ta kira likitan a gabansa ta ƙara sautin waya. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce saura kwana goma sha huɗu cif, kuma su ne mafi ƙarancin abin da hantar take buƙata. Za a duba ta kafin aiki, in an ga ba ta saɓe ba sai ya koma gida.

Dakatar da yawon kuwa bai yiwu ba, don ya riga ya aika wa kowane gida ranar zuwansa, tsofaffi suna jira. Huseina ta same ni har gida.

Ta ce, "Don Allah ki riƙa bin shi, tunda kuna hutun makaranta. Ni in na hana shi ci gidan danginai sai a ce na mallake shi. Ke ko ɗiyar gida ta."

Na yarda, ba don ya cancanta ba. Na ga ƙafar mahaifinmu ranar da aka kwance bandejin farko, ba na son sake ganin irinta.

A Maruda na gane aikin ya fi ƙarfin baki. Bayan gaisuwa da yafe juna, Inna Fatsuma ta dire masa ƙwaryar fura, ludayi a tsaye. Na yi mata bayanin hanta da likita dalla-dalla, yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Hura ta hwa, ba guba ba. Ke dai tun kina ƙarama ba ki da kunya."

Ta fita ta ja labule. Kowa ya san abin da zai biyo baya in ƙwaryar ta koma cike: kafin mu kai Gwandu labari ya riga mu, Zayyanu ya zo neman gafara ya raina abincin gidan kawunsa. Gafarar ma sai ta koma gaba. Yayana ya san da haka, shi ya sa ya zaɓi wannan hanyar tun farko. Ya dube ni da idon tausayi, ya ɗaga kafaɗa, ya miƙa hannu. Na riga shi ɗaukar ƙwaryar. Na kafa kai na shanye ta tas yana kallona, na ajiye a gabansa, na sa masa ludayin a hannu.

Haka muka yi kwana goma. Shi ke neman gafara, ni ke ci. Na ci masa, na ci dambu, na ci tuwon dawa da na masara, wata rana gida uku. Matan gida su ɗauki kwano wayam su ce madalla da Zayyanu, bai taɓa ba mutum kunya ba. A mota ya buɗe ɗan kwanonsa na romo yana kurɓa kamar mai shan maɗaci, yana tambayata, "Masar ta yi tsami? An sa albasa?" Ƙato da gemu, mai 'ya'ya biyar, yana haɗiyar yawu a kan abin da ke cikin ƙanwarsa. Wani lokaci in ba shi amsa, wani lokaci in yi masa gyatsa.

Ya ajiye Kalgo a ƙarshe, saura kwana huɗu aiki. Na san dalili. A can Gwaggo Habiba take, yayar mahaifinmu, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ina da shekara biyar shi yana da tara. Ba ta da ɗa a raye, sai ta ɗauki duk son da ta tara ta juye a kan Zayyanu, kuma ba ta san wata hanyar nuna shi ba sai ta tukunya. In ya yi kuka, tuwo. In ya ci jarrabawa, tuwo. In an doke shi a makarantar allo, tuwo da man shanu. Yana da kwanonsa na musamman, fari mai koren murfi, ba mai taɓa shi. Ni ce mai tsince shinkafa da hura wuta da wanke kwanon, rabona kuma ƙanzo da abin da ya rage a gindin tukunyar miya. Ban taɓa kwana da yunwa ba, kada in yi mata ƙarya. Amma na ji haushi a lokacin, kuma har yau ina ji.

Muka bi ta Birnin Kebbi muka isa bayan azahar. Idon Gwaggo ya tafi shekara uku ke nan, amma matan gidan suka ce tun safe ta hana kowa taɓa muciya, da lalube ta tuƙa. Muna shiga ɗakinta na ga kwanon a kan tabarma. Shi ne dai, koren murfin duk ya ɓantare.

Zayyanu ya durƙusa da ƙyar ya nemi gafara. Ta shafa kansa ta ce bai taɓa yi mata komai ba, ta jawo kwanon ta buɗe. Malmala uku na tuwon shinkafa, fari sol. Miyar kuka da busasshiyar tarwaɗa, man shanu yana yawo a kai. Na ji numfashin yayana ya sauya.

Na ce, "Gwaggo, likita ya hana shi tuwo sai bayan aiki."

Ta ce, "Likita na yar rene shi? Wa at tambaye ki?" Ta juya wajensa. "Ci, ɗana. An ce in sunka yanke ka cokali ukku za ka riƙa ci. Ci na bankwana."

Na jira ta fita kamar sauran, sai ta gyara zama ta jingina da gado. Ba inda za ta. Zayyanu har ya sa hannu a ruwan wanke hannu. Na ɗaga masa waya na nuna masa lambar likitan, na jawo kwanon gabana a hankali don kada ya yi ƙara.

Na kai lomar farko baki. Shekara goma sha biyu na yi a gidan nan ina cin abin da nake zaton tuwon Gwaggo ne, ashe ban taɓa ɗanɗana shi ba. Tsakiyar tukunya daban take. Ga tsokar kifi a ɓoye ƙarƙashin malmala, an cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, da hannun da ba ya gani. Na ci ina jin daɗi, ina jin takaici, na rasa wanda ya fi yawa. Yayana kuwa hawaye ne ke bin gemunsa, a kan tuwo.

Na gama malmala biyu sai Gwaggo ta ce, "Larai, aje kwanon ga."

Na daskare.

Ta ce, "Idona yat tahi, ba kunnena ba. Shekara arba'in ina jin cin Zayyanu. Shi ba ya tauna kamar ɓera."

Ta lalubo kwanon, ta gutsuro tuwo, ta mulmula shi da yatsunta, ta dangwalo miya har man yana bin hannunta. Ta miƙa saitin inda take jin numfashinsa.

"Ko loma guda. Daga hannuna. Buɗe bakinka."

Wannan kam ba zan iya ci masa ba. Loma ɗaya ba ta kumbura hanta, na sani. Amma na san yayana, tunda aka haife shi bai taɓa tsayawa a loma ɗaya ba, kuma ga malmala guda ta rage, ga tukunya a madafa. Na gama sallamawa. Na ce a raina shi ke nan, cikina ya yi wahalar banza, sai mu fara neman sandar guragu.

Bakinsa ya buɗe, na gani da idona. Sai ya kama wuyan hannunta. Ya riƙe shi ya daɗe. Sannan ya kama ɗaya hannun nata ya kai shi kan ƙafarsa ta hagu, ya ɗora a kan bandejin.

Ya ce, "Gwaggo, taɓa ki ji. Irin na Baba na. In nic ci, yanke ta za su yi."

Ba wanda ya gaya mata zancen ƙafar, an ce kada a tayar mata da hankali. Yatsunta suka bi bandejin daga idon sawu zuwa sama, suka dawo. Ita ta yi jinyar ƙanenta, ta san abin da take taɓawa. Lomar tana nan a hannunta, miya tana ɗiga a tabarma.

Can ta ce, "Ke. Matso."

Na matsa. Ta lalubo haɓata ta sa min lomar a baki. Na tauna na haɗiye. Loma ɗaya bayan shekara arba'in, ita ma don mai ita ya ƙi. Na so in ji haushi, na neme shi ban samu ba. Ta rufe kwanon da koren murfinsa ta tura min.

"Tahi da shi. Ba ni son in ƙara jin shi ɗakin ga."

Muka kamo hanyar gida, muka wuce Birnin Kebbi. Kwanon yana kan cinyata da malmalar da ta rage, ƙamshin man shanu ya cika motar. Zayyanu ya sauke gilashi ya kafa fuskarsa a iska. Ban san ko hantar ta saɓe ba, shi ma bai sani ba, sai ranar Alhamis in an duba. Muna dab da Gwandu ya juyo, idonsa jajir, ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Larai, gaya min gaskiya. Shina nan yadda shike?"

Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba a rayuwata. Na danne murfin da hannu biyu.

Na ce, "Ta tsuhwa, Yaya. Gishiri ya yi yawa, tuwon kuma duk gudaji. Ba ka yi asarar komi ba."