Rigar da Yelwa ta ɗinka wa Bunu

Duk ƙauyenmu, can gefen fadamar Baturiya, ba wanda bai san rigar Bunu ba. Ni Kulu, matar Malam Tukur mai makarantar allo, na fi kowa saninta, don a tsakar gidana take wuni. Har gobe in na tuna da ita raina ɓaci yake yi.

Uwarsa Yelwa ta binne 'ya'ya uku kafin shi, duk da ciwon ƙirji a lokacin sanyi, sannan ta binne ubansu. Kowa ya tausaya mata, har da ni. Amma abin da ta mai da yaron nan ya wuce misali. Ba ya cin kifi sai ta tsince ƙaya, ba ya wanka sai rana ta take, kuma ɗan masunci guda bai taɓa tsoma ƙafa a kogi ba, a garin da yaro ke iya iyo tun bai iya ɗaura bante ba.

Ubanta maɗinkin lifidi ne a Haɗeja, rigar nan mai kauri da mayaƙa ke sawa saboda kibiya, a wurinsa ta ɗauki hannu. Da sanyi ya shigo ta samo baƙin saƙi, ta ninka, ta danƙara masa auduga, ta ɗinka wa Bunu riga har gwiwa. Igiyoyin a baya ta sa su, inda hannunsa ba ya kaiwa. In ya taho makaranta hannuwa a sanƙare, sai ka ce tulu ne ya yi ƙafafu. Yara suka sa masa suna Barde, shi kuwa bawan Allah sai ya yi murmushi.

Wata rana da hantsi ya dubi ludayi na ga zufa na tsiyaya daga wuyansa, na kwance rigar na shanya. Kafin azahar sai ga Yelwa ko sallama babu.

"Matar Malam, wa ya aike ki? Uku na binne. Me kike nema a ƙirjin ɗana da sai kin tuɓe shi?"

Wanda ya san garinmu ya san abin da take nufi. Cewa take yi ni mayya ce, a gaban yara, a cikin gidana.

Malam ya ce mata a hankali, "Yelwa, yaran unguwarku ruwa suke hayewa kullum. Rigar nan in ta sha ruwa, ba taimakonsa za ta yi ba. Mai da igiyar gaba, ya iya cirewa da kansa."

"Allah gafarta Malam, karatu na kawo shi, ban zo neman shawara ba." Ta durƙusa ta kama haɓar yaron. "Bunu, dube ni nan. In ka sake bari wani ya cire maka rigar nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Yaro ɗan shekara bakwai ake gaya wa wannan magana. Na ga yadda idonsa ya firfito, ya gyaɗa kai, ta ɗaure igiyoyin ta ƙara ƙulli.

Tsakanin unguwar masunta da tamu akwai wani hannun kogi da ambaliya ke bari, an gitta masa gungumen giginya. Yelwa da kanta take goya Bunu ta haye da shi. Ranar kasuwa kuwa jirgin ruwan da zai kai ta da bandar kifinta ya matsa zai tashi, ta damƙa shi hannun manyan yara ta tafi. A tsakiyar gungumen ƙafarsa ta zame. Ruwan bai wuce ƙugu ba, amma da rigar ta sha, sai da yara biyu suka haɗu suka jawo shi. Su suka tuɓe, suka matse bantensu, suka yi tsalle-tsalle jikinsu ya bushe. Shi kuwa ya ƙi a kwance masa rigar, ya roƙe su kada su faɗa wa kowa.

Baƙin saƙi ba ya nuna jiƙa, iska kuma ta busar da saman rigar. Ni dai allonsa na ga yana rawa a hannunsa, leɓɓansa sun yi fari. Na kira shi gindin murhu inda nake dama kunu. Bai jima da zama ba sai na ga tururi na tashi daga kafaɗunsa. Na matsa rigar, ruwa ya biyo tsakanin yatsuna, mai sanyi kamar na randa.

Na ƙwala wa Malam kira. Yana gani ya ce, "Yanke igiyar, Kulu. In ta zo ni zan amsa."

Bunu na ganin wuƙa ya zabura. "Inna Kulu, don Allah! Iya ta ce ba ta yafe ba!" Ya fizge, ya bi ta ɓular danga. Yaron da ko gudu ba a bari ya yi, ranar ya tsere wa kowa. Aka watse da karatu, muka bazu cikin fadama, iska na kaɗawa, muna kira yana jinmu ya ƙi amsawa.

Sai da la'asar aka gan shi, a ƙarƙashin wani kifaffen jirgi a mashigin da uwarsa za ta sauka. Ita ya zauna jira. Muna jawo shi jirginsu na isowa. Yelwa ta diro cikin ruwa, ta rungume shi, haƙoransa na haɗuwa, jikinsa zau kamar garwashi. Ya ɗaga kai da ƙyar, har da ɗan murmushin nan nasa.

"Iya, ban bari sun cire ba."

Ta juya shi ta kama ƙullin. Igiya ta sha ruwa ta kumbura. Ta sa farce, ta sa haƙori, ƙullin da ta yi da hannunta ya ƙi ta. Ba ta dube ni ba, ta miƙo hannu kawai.

"Matar Malam, ba ni wuƙar."

Tari ya kama shi tun kafin a isa gida. Malam ya yi rubutu, wanzami ya yi ƙaho, ni na dafa duk saiwar da na sani. Bai kai Juma'a ba. Masu gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare, ni ma haka na ce, don haka ake cewa. Amma da aka fito da shi a tabarma na waiga dangar Yelwa, inda ta rataye rigar tun ranar kasuwa. Na kai hannu na taɓa, audugar cikin ba ta gama bushewa ba.