Muciyar Saveta

Shekara arba'in ke nan Saveta ba ta bari wata mace ta taɓa muciyarta ba. A ƙauyensu, idan pruna, wani ɗan itace mai zaƙi da ƙwallo a ciki, ta nuna a ƙarshen Satumba har rassan suna neman karyewa, gayya mata ke yi: yau a taru a tuƙa majun, wato prunar da ake dafawa har ta yi kauri a adana, a gidan wance, gobe a gidan wance. Saveta ba ta zuwa, ba ta kuma kiran kowa. A wurinta duk matan layin wasan yara suke yi. Wannan ta zabga sukari don ta gama da wuri, waccan ta sauke da ruwa-ruwa, kafin Kirsimeti ya yi funfuna. Ita kuwa Tudora maƙwabciyarta, Saveta ta taɓa faɗa a ƙofar coci, a bainar jama'a, cewa majun ɗinta ko alade sai ya yi shawara kafin ya ci.

A faɗi gaskiya, nata daban ne. Baƙi wuluk, ba ko ƙwayar sukari, ya shekara uku a tulun ƙasa bai canja ba. Miji ya rasu, gona ta tafi, abin da ya rage mata a garin shi ne a ce babu hannu irin na Saveta.

Bana ma bokiti tara na pruna ta cire wa ƙwallo ita kaɗai, ta hura wuta a tsakar gida tun da sassafe. Aikin awa goma sha biyu ne, kuma muciya ba ta barin gindin tukunyar tagullar da ta gada wurin uwar mijinta, don in ya kama sau ɗaya, ƙauri ya bi duka. Da rana tsaka kafaɗarta ta dama ta ƙi. Ta koma hagu, hagun ba ta san aikin ba. Majun ya fara kauri yana tsartuwa, tsoro ya kama ta.

Tudora na jingine da shinge tana ɓarar wake. Ta kira ta da Lele, yadda ake kiran babbar mace a can.

"Lele Saveta, hancina ne, ko ƙauri na fara ji?"

"Daga madafarki ne," in ji Saveta. "Ai kin saba da shi."

Ba a jima ba muciyar ta kuɓuce mata. Tudora ta ajiye kwanon wake, ta zagayo ta ƙofa, ta ɗauka.

"Sakar min kayana," in ji Saveta.

"Zauna, Lele, kafin ki faɗa ciki mu rasa mai zaginmu."

Saveta ta zauna a kututture don ƙafafun ma sun gaji. Kallon tuƙin kaɗai ya ishe ta takaici. Matar ta riƙe muciya kamar mai share turke, tana juyawa ta hagu, tana surutu a kan surukinta da kuɗin itace, har da sosa ƙeya. Saveta ta yi ta gyara mata, Tudora ta yi kunnen uwar shegu. Can sai tsohuwar ta koma jiran majun ɗin ya lalace. Har ga Allah ta fi son bokiti taran nan su tafi a banza, gobe ta samu abin faɗa a ƙofar coci.

Rana ta yi sanyi aka janye wuta. Saveta ta ɗebo da cokalin katako, ta kifa shi. Bai ɗiga ba. Ta kai baki, ta juya shi a harshe, tana neman ƙauri, ko tsami, ko ɗan ruwa-ruwa. Ta sake ɗiba daga gindin tukunya, inda laifi ke ɓuya. Babu abin da ya raba shi da na bara, da na bariya.

"Yaya?" in ji Tudora tana goge hannu da ɗankwali.

"Wutar da na haɗa ce ta gyara shi," in ji Saveta.

Tudora ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Itacen ne mai kyau, Lele, da tukunyar uwar mijinki. Duk layin nan mun san haka tuntuni, muka ƙyale ki." Ta nufi ƙofa, sannan ta waigo. "Ki cika tulunanki, ki ce ke kika yi. Ba wanda zai ji a bakina. Ban ga abin da zan ƙwace a wurinki ba."